Kumburin Cikin Anti Atikatu

Atikatu 'yar Salaga ce. A zango, unguwar Hausawa, aka haife ta, a wani gida mai rijiya a tsakarsa, wanda katangarsa take haɗe da tamu. Mahaifinta fatauci yake yi, yana kai doya kudu ta jirgin ruwan Makango. Mahaifiyarta kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin masallaci. Su biyu ne mata a ɗakin, Karimatu babba, Atikatu ƙarama. Ni sa'ar Karimatu ce, tare muka tashi. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakin Atikatu na ji shi, lokacin da ta dawo gida a ƙarshe muna zama da la'asar.

Tana gab da gama firamare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo. Ciki ya kumbura, hannaye da ƙafafu suka tsotse. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ta tsallaka wani abu a hanyar kasuwa. An sha rubutu, an sha saiwoyi, an kai ta wurin wani mai magani a ƙauyen Gonjawa. Kafin a fara haƙar sabuwar doya ta rasu, ba wanda ya san sunan ciwon.

Karimatu ta gaji tukunyar koko. Atikatu da yake tana da kai, aka bar ta ta ci gaba da makaranta, har ta zama ungozomar asibiti. Yendi aka fara tura ta. A can ta koyi Dagbani a bakin masu naƙuda, a can kuma ta auri Jibirilu, wani mutum marar hayaniya mai gyaran injin niƙa. Suka haifi 'ya ɗaya, Sumaya, daga ita Allah bai ƙara ba su ba. Sumaya tana sakandare hawan jini ya kayar da Jibirilu a bakin aikinsa, bai sake tashi ba. Bayan ta fita takaba ba da daɗewa ba aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a ƙauye, tsakanin Bawku da Binduri. Ta bar Sumaya a hannun dangin uba a Yendi saboda makaranta, ta ɗaure kayanta ta tafi.

A wannan asibiti ta tsufa. Ɗakin haihuwa ɗaya ne, gadaje biyu, sai rumfar kwano a waje inda ake awon ciki da awon yara. Mata suna zuwa daga ƙauyukan Kusasi, wasu ma daga tsallaken iyakar Burkina a kan keke, don haka ta ƙara Kusal da ɗan Mosanci a kan harsunan da take ji. Kowa Anti yake kiran ta, har tsofaffin da suka haife ta. Da tsohon rikicin sarautar Bawku ya sake tashi aka sa dokar hana fita, ma'aikata da yawa suka nemi canji suka tafi. Ita ba ta nema ba. Ta ce da ni ba jarumta ce ta zaunar da ita ba, gajiya ce. Tunanin ɗaure kaya da koyon sabon wuri ya fi mata nauyi a kan ƙarar bindigar da ake jiyowa daga gari. Ya rage daga ita sai wata yarinyar ungozoma mai suna Muniratu, 'yar Bawku, wadda ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba.

Ta haura hamsin lokacin da cikinta ya fara damun ta. Da fari ba wani ciwo ba ne, cika ne kawai, kamar ta ci wake ya ƙi narkewa. Ta daina cin wake, bai sauka ba. Ta ce alsa ce, wato gyambon ciki, ta ɗauki maganin alsa a kantar asibiti ta sha. Idan ta zauna cin tuwo, loma kaɗan sai ta ji ta ƙoshi har wuya. Fitsari ya riƙa matsa mata, tana cikin duba mai ciki sai ta ce a ɗan jira ta. Ta ɗora wannan a kan shekaru, tunda al'ada ta riga ta ɗauke mata. Ta kai rigunan aikinta wurin tela ya buɗe su a ƙugu, ya kuma rage su a kafaɗa. Matan da suka saba da ita sukan tsokane ta a rumfar awo.

"Anti, ko dai ke ma ki hau gadon a duba ki? Wannan ai ya kai wata biyar."

Sai ta yi dariya ta ce, "Tuwon dawarku ne. Ke hau sikeli, kin cika surutu."

Ana haka lokacin sabunta lasisin aiki ya zo. Ba a sabunta wa ungozoma sai ta halarci bita ta ƙara ilimi. Atikatu ta halarci irin wannan zama ba adadi, ta san yadda yake tafiya: a zauna a kan kujerun roba, a saurari abin da aka faɗa bara, a karɓi shinkafa a cikin roba, a ɗauki hoto, a watse kafin lokacin hana fita. Wannan karon a zauren wani masaukin baƙi aka yi a cikin Bawku. Muniratu ce ta goya ta a babur. Suna shiga Atikatu ta nufi layin baya, ƙarƙashin fanka, da niyyar ta ɗan runtsa.

Da safe an yi maganar zazzaɓi a jikin mai ciki da zubar jini bayan haihuwa. Ta yi gyangyaɗinta. Bayan azahar aka raba abinci, sannan wata likitar mata da ta zo daga Tamale ta miƙe. 'Yar ƙaramar mace ce, muryarta ta dushe saboda ta yi kwanaki tana zagaya garuruwa da wannan magana. Tana fara nuna hotuna a bango wuta ta ɗauke. Aka jira janareta bai tashi ba. Sai ta rufe kwamfutarta ta sauko tsakiyar zaure.

Ta ce za ta yi magana ne a kan kansar gidan ƙwai, wato 'yan ƙulluttai biyun nan da suke gefen mahaifa, inda ƙwan haihuwa yake fitowa. Ta ce gwajin bakin mahaifa da aka koya musu ba ya gano wannan, ba kuma wani gwaji da ake yi wa mata masu lafiya a kama ta da shi. Abin da ake da shi kawai kunnen ma'aikaci ne da hannunsa.

"Akwai wata mata da dukkanku kun san ta," in ji likitar. "Ta wuce shekarun haihuwa ko tana gab da wucewa. Ta zo ta ce cikinta ya cika, kun ba ta maganin alsa. Ta dawo ta ce ba ta iya cin abinci, kun ba ta maganin tsutsa. Ta dawo ta ce fitsari yana damun ta, mararta tana nauyi, kun ba ta maganin sanyi. Ba ta dawo ba kuma, kuka ɗauka ta warke. Wurina ta zo, ciki cike da ruwa, lokacin da abin da zan iya yi mata ya rage kaɗan."

Robar shinkafar tana kan cinyar Atikatu, ko kwata ba ta ci ba. Ta rufe ta a hankali ta ajiye a ƙasa. Ta ce da ni ba tsoro ta fara ji ba a wannan lokaci, kunya ce, kamar an kira sunanta a tsakiyar kasuwa. Muniratu na gefenta tana ta rubutu, ba ta ɗago ba.

Likitar ta ci gaba da cewa yawancin matan da suke da kumburin ciki ba kansa ce take damun su ba. Amma idan abin sabo ne, kullum yana nan, ya yi makonni bai tafi ba, to a kwantar da mace a taɓa cikinta, a tura ta hoto, kada a sake sallamar ta da ƙwayoyi. Da aka zo tambayoyi, Atikatu da ba ta taɓa ɗaga hannu a bita ba ta ɗaga.

"Dokta, idan mahaifiyar mace ta rasu da kumburin ciki, ba a san ko mene ne ba?"

Likitar ta dube ta daga nesa ta ce, "Wani lokaci yana bin jini, Madam. Irin wannan kada ta jira ko kaɗan."

Amma ta jira. Ta koma asibitinta ta ci gaba da karɓar haihuwa. Lokacin girbi ne, mata suna aiki a gona har naƙuda ta kama su, ana kawo su a bayan keken kaya. Kowace safiya takan ce idan an wuce wannan mako. Sau ɗaya ta kwanta a ɗakinta ta danna mararta da yatsu, yadda take yi wa wasu, ta ji wani abu mai tauri a hagu. Ta janye hannunta ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Muniratu ce ta tsayar da ita. Wata ranar awo ce, mutane sun watse, suna wanke kayan aiki. Atikatu ta sunkuya za ta ɗauki bokiti ta kasa miƙewa sai da ta dafa bango.

"Anti, zan yi magana, kada ki ce na yi rashin kunya."

"To kada ki yi."

"Matar nan da dokta ta faɗa. Na dawo ina ta neman ta a cikin masu zuwa awo. Jiya ina kallon ki kina cin abinci sai na ga ashe tare muke aiki."

Atikatu ta ci gaba da murza almakashi a cikin ruwa. Can ta ce, "Idan na tafi wa zai zauna da ke a nan?"

"Idan kika faɗi a ɗakin haihuwa ma ai ni kaɗai ce, ga ki kuma a ƙasa. Don Allah, Anti. Gobe zan kai ki."

Washegari suka shiga Bawku wurin wani mai hoton ciki. Saurayin ya shafa mata man, ya ɗora na'urar, ya yi ta yawo da ita, sannan ya ɗan karkatar da allon daga gefenta. Ta ce masa ya juyo da shi, ta fi shi daɗewa tana kallon irin wannan allo. Ya juyo. Ta ga baƙin ruwa ya kewaye hanji, ta ga ƙullun a hagu, gefensa ba sumul ba. Ta karɓi tsumma ta goge cikinta, ta yi masa godiya.

Sumaya a lokacin ta zama malamar makaranta a Yendi, tana da aure da yara biyu. A waya uwar ta gaya mata, a taƙaice, kamar tana ba da labarin wata. Suka haɗu a tashar Tamale. Likitar nan ta bita ce ta karɓe ta a asibiti, kuma ta gane ta tun kafin ta zauna.

"Ke ce mai tambaya a layin baya."

"Ni ce, Dokta."

"Na so in tsayar da ke ranar, na fito ban same ki ba."

"Ai guduwa na yi."

Aka yi mata aiki, aka cire mahaifa da gidan ƙwai duka biyu da abin da ya kama a kewaye. Likitar ba ta ɓoye mata komai ba, ta ce ciwon ya riga ya bazu a cikin ciki, an kwashe abin da ido yake gani, sauran sai magani. Maganin shi ne wanda ake kira kimo, ana sa shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, a huta 'yan makonni a sake.

Ta tare a gidan Sumaya a Yendi, saboda ya fi kusa da Tamale. Wannan lokaci shi ne ta fi ƙin tunawa. Su fita tasha da sassafe, a jira mota ta cika, a yi ta jijjiga a hanya, a isa a zauna a benci. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu, amma marasa lafiya sun fi ƙarfinsu, wasu daga Bawku, wasu daga Saboba, wasu har daga Paga. Idan aka gama sa mata maganin aka dawo, sai ta yi kwanaki ba ta iya shan komai sai ruwan koko, shi ma ɗanɗanon ƙarfe take ji a ciki. Gashinta ya zube a kan matashi. Tafin ƙafarta ya mutu, tana tafiya kamar a kan auduga. Jikokinta suka riƙa leƙo ta daga bakin ƙofa su gudu. Maƙwabta suna zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ganyen zogale, waccan man habbatussauda, wani ya san malami a Saboba da yake tofi ciki ya saɓe. Takan karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin gado, don ba ta da ƙarfin gardama.

Wata rana ta kira Sumaya ta zaunar da ita a bakin katifa.

"Kakarki da wannan ta tafi, ina kyautata zato. Ga ni. Ke kuma 'yata ce. Za ki je ki ga dokta ki gaya mata, ta faɗa miki abin da za ki riƙa lura da shi."

"Mma, ni lafiyata ƙalau. Bari mu gama da naki."

"Ni ma haka na ce. Ki je."

Sumaya ta je. Karimatu kuwa da aka yi mata wannan magana a waya cewa ta yi, "Na wuce sittin, Atika, gwiwoyina ma sun ishe ni. Ku bar ni da tukunyata." Ba ta je ba, kuma har yau tana nan tana dama kokonta.

Bayan an gama maganin, hoto ya nuna ciki ya yi tsabta. Gashi ya fara tsirowa, fari fat. Ta ajiye aiki saboda ƙafafunta ba sa iya tsayuwar ɗakin haihuwa. A nan ne likitar ta roƙe ta wata alfarma. Ta ce ana shirin sabon zagayen bita ga ma'aikatan lafiya, tana so Atikatu ta bi ta ta faɗi labarinta da bakinta, don ita ta lura idan ta yi magana rubutawa kawai ake yi a manta.

"Dokta, ni ba abin kallo ba ce," in ji Atikatu.

"Na sani. Ki yi tunani dai."

Ta yi tunani har likitar ta fid da rai, sannan ta aika cewa za ta zo na Yendi, tunda ba nisa.

Da ta tsaya a gaban zauren ta ga abin da ta sani. Kujerun roba, fanka tana juyawa, rabin mutanen kansu a kan waya, wasu suna leƙen ƙofa ko abinci ya iso. A layin baya wata dattijuwar nas ta jingina kai da bango ta lumshe ido. Atikatu ba ta ji haushin ta ba, don ta san ƙila daga aikin kwana ta taho. Ta faɗi labarinta ba ƙari, tun daga wake har zuwa tela. Da ta zo wurin da ta danna mararta ta ji ƙullu ta tashi ta dafa shayi, wasu suka yi dariya, sannan suka yi tsit.

Wani saurayi mai duba marasa lafiya a wani ƙauye, sunansa Nazif, ya miƙe.

"Madam, Allah ya ƙara lafiya. Amma ni inda nake ba na'urar hoto. Idan na ce mace ta tafi Tamale, mijinta zai ce wa zai kula da gona da yara. Idan ta je aka ce ba komai, ba za ta sake yarda da ni ba, ƙawayenta ma haka. Kumburin ciki kuma kullum sai na ga mai shi. Ya zan yi?"

Atikatu ta dafa teburi, don tsayuwar ta fara gagarar ta. "Gaskiyarka, ɗana. Ba ni da amsar wannan duka. Ni da nake cikin asibiti, magani a hannuna, sai da aka ja ni. Abin da na sani shi ne, idan ta dawo maka karo na biyu da magana iri ɗaya, kada ka miƙo mata ƙwaya daga bayan tebur. Tashi ka kwantar da ita, ka kira nas mace ta tsaya, ka taɓa cikin. Ka tambaye ta da me uwarta ta rasu. Idan za ka tura ta, ka kira mijin ka yi masa magana da kanka. Wata za ta je, wata ba za ta je ba."

Nazif ya gyaɗa kai ya zauna. Ba ta san ko ya gamsu ba.

Daga nan ta bi su likitar zuwa Salaga, inda ta kwana a ɗakin mahaifiyarta karo na farko cikin shekaru. Ta bi su Bawku ma, a cikin jerin motocin da sojoji suke rakawa, tafiyar da ta kwantar da ita kwanaki. A Bawku ne Muniratu ta zo masaukinta da waya ta ce ma'aikata kaɗai suke jin wannan magana, matan kasuwa ba sa zuwa bita. Ta sa ta a gaba sai da ta yi bayanin a murya, gajere, da Hausa, ta sake da Dagbani, ta sake da Kusal. Ba ta faɗi sunanta a ciki ba, ta ce dai ita ungozoma ce kuma abin ya same ta. Muniratu ta tura wa ƙungiyoyin mata na suna da biki da suke a waya, saƙon ya shiga yawo.

Abin da ya biyo baya gauraye ne. Wata mai sayar da albasa a kasuwar Bawku, Rafi'atu, ta ji muryar ta zo wurin Muniratu da kanta. Aka tura ta, aka sami ciwon a gefe ɗaya bai bazu ba, aka cire. Tana nan a rumfarta. Wasu da aka tura aka tarar ƙarin mahaifa ne marar haɗari, ko ma ba komai, ɗaya daga cikinsu ta dawo ta zazzage Muniratu a gaban mutane saboda wahalar hanya. Wata tsohuwa kuma Muniratu ta ji ƙullun da hannunta, ta roƙe ta, ta roƙi 'ya'yanta, suka ce za su zo bayan girbi. Ba su zo ba, sai labarin rasuwarta aka ji. Duk wannan Muniratu takan kira Atikatu ta gaya mata. Ita kuma takan saurara ta ce, "To, Allah ya sa mu dace. Kin ci abinci?"

Shekara biyu da wani abu ta samu. Sannan cikar nan ta dawo. Wannan karon ba ta ɗora wa wake ba, da kanta ta hau mota zuwa Tamale. Aka sake sa ta a kan magani. Ta jure zagaye na biyun har ƙarshe, ciwon ya lafa 'yan watanni ya sake tasowa. Da likitar ta fara maganar wani maganin kuma, Atikatu ta tambaye ta tsakani da Allah me zai ƙara mata. Likitar ta faɗa mata gaskiya. Atikatu ta ce to a ba ta na rage zafi, tana so ta koma Salaga.

Sumaya ta yi kuka ta ce, "Mma, ke da kike gaya wa mutane kada su zauna a gida?"

"Na ce su zo da wuri, ban ce kada su gaji ba. Na bi hanyar nan iya bi, Sumaya. Ki kai ni wurin Yaya."

Haka ta dawo maƙwabciyata. Karimatu ta share mata ɗaki, ta sa mata kujera mai shimfiɗa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Idan cikin ya cika da ruwa har numfashi ya yi wuya, a kai ta asibiti a zuƙe, ta sami sauƙi na ɗan lokaci. Da la'asar nakan zagayo mu zauna. Wani lokaci ta yi ta magana, wani lokaci barci ya ɗauke ta a tsakiyar zance, ni da Karimatu mu ci gaba da tsince wake a hankali.

Wata la'asar wayar Karimatu ta yi ƙara. Wata 'yar ƙanin mahaifinsu ce da take aure a Kumasi ta turo saƙon murya a ƙungiyar dangi. Karimatu ta danna, sai ga muryar Atikatu tana fita, da ƙarfinta na wancan lokaci, tana cewa idan cikinki ya cika kullum, idan kina ƙoshi da loma kaɗan. A ƙarƙashin saƙon an rubuta cewa mai wannan murya wata nas ce a Bolga, ta rasu bara, a saurara a yi mata addu'a a tura wa wasu. Matar da ta turo ba ta gane muryar 'yar'uwarta ba.

Karimatu ta fusata. "Ji min shashanci! Bari in kira ta yanzu. Mutum yana zaune da ransa a kashe shi a waya?"

Atikatu tana dariya tana riƙe ciki, saboda dariyar tana yi mata zafi. "Yaya, bar su. Mutum nawa suka ce amin?"

Karimatu ta duba ta ce da yawa, har da waɗanda ba sa magana a ƙungiyar.

"To ai sun saurara ke nan. Kada ki gyara. Ɗan ɗaga min matashin nan, bayana ya gaji."

Karimatu ta ɗaga mata tana ta mita.

Da damina ta kankama Atikatu ta daina fitowa ƙarƙashin mangwaro. Sumaya ta ɗauki hutu ta zo da yaran. Ta rasu wata ranar Talata da hantsi, Karimatu tana riƙe da kanta, aka binne ta bayan azahar a maƙabartar zango. Likitar ta kira daga Tamale ta yi ta'aziyya. Rafi'atu mai albasa, wadda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ta aiko da buhun albasa a motar kasuwa don abincin sadaka. Muniratu ba ta sami zuwa ba. A makon an sake rufe hanyar Bawku, kuma har lokacin ba a turo mata wata ungozoma ba. Ta kira Sumaya daga rumfar awo, suka yi kuka tare a waya, sannan ta ce a yi mata haƙuri, an kawo mai naƙuda.